Sau Ashirin da Huɗu

Bindigar ba ta Gotlieb Hanse ba ce, ta kwamitin daji ce, amma je ka faɗa masa haka ka ga irin kallon da zai yi maka. Shekara ashirin da biyu tana kwana a ƙarƙashin gadonsa. Duk lokacin sanyi, in takardar gwamnati ta iso cewa bana an yarje wa mutanen Soutputs barewa kaza da mariri kaza, shi ne mai fita ya harbo, a feɗe a gindin bishiyar coci, kowane gida ya turo kwano. A garin da ruwan sama kan yi shekara biyu bai leƙo ba, mai kawo nama ba ƙaramin mutum ba ne. In ya shiga coci ana matsa masa wuri a benci. In ya yi gyaran murya a taro ana yin tsit. Kuma Allah ya sani yana son haka, yana so ƙwarai.

Sai idonsa ya fara mutuwa. Yanar ido ta rufe na dama, wanda yake saiti da shi, ta kuma fara lasar na hagu. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan wankin shinkafa. Ya san doka sarai, don da shi aka yi ta: ranar da kwamiti ya ji cewa maharbi ba ya gani, ranar zai ajiye bindiga. Saboda haka ya ja bakinsa ya tsuke. Ko matarsa Rebekka bai faɗa wa ba.

A saninsa, mutum ɗaya ne ya san halin da ake ciki, shi ma don ba yadda za a yi a ɓoye masa. Lasarus Vries ke nan, ƙanin Rebekka, mai bin sawu, siriri kamar sandar kiwo, bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci. Shekara uku suna aiki da ido ɗaya tsakaninsu. Su yi ta rarrafe da ciki har sai sun kusa jin numfashin dabba, taku sittin ko ƙasa da haka, sannan Lasarus ya kawo baki saitin kunnensa.

"Na uku daga hagu, namiji ne. Ɗaga kaɗan. Kaɗan na ce, Swaer, ba gajimare aka aike mu harbowa ba. Yauwa. Yanzu."

Swaer suke kiran juna, kamar yadda miji da ɗan'uwan matarsa ke yi a nan. Gotlieb ya danna kunama, dabba ta faɗi, su koma gari ana yi wa Gotlieb kirari, Lasarus yana gefe yana cusa taba a lofe.

Ana saura mako biyu a buɗe farautar bana, suna zaune a inuwar garken awaki, Lasarus ya ce, "Bana ce ta ƙarshe gare ni, Swaer. 'Yata ta matsa in koma wajenta Lüderitz. Ta ce ƙugun nan nawa ya gama yawon daji."

"Kai da ko ruwan kwano ke ba ka tsoro, me za ka yi a bakin teku?"

"In ci kifi in yi ƙiba. Kai kuma ka je likitocin ido su kankare maka abin nan. Suna zuwa garin Keetmans bayan sanyi, kyauta ma suke yi."

"Wa ya ce maka idona na da wani abu?"

Lasarus ya cire lofe daga baki ya dube shi. "To wa na yi shekara uku ina yi wa raɗa a kunne kamar budurwa?"

Gotlieb bai yi dariya ba. Zuwa layin likitan ido a Keetmans daidai yake da hawa kan rufin coci ya yi shela. Can za ka tarar da rabin tsofaffin Soutputs a jere, kowa da auduga a fuska, kafin ka dawo gida labari ya riga ka. Taurin kai irin na Gotlieb kuwa, jakinsa ma sai dai ya sara masa. A ranar ya yanke shawara cewa tun da idon aro zai tafi bakin teku, to zai sayi na kansa.

Ya kama awaki biyu ya sayar wa mahauci. Rebekka ta tsaya a bakin garke tana kallon gurbinsu.

"Har da mai cikin?"

"Bindiga na bukatar gyara."

"Bindigar kwamiti, da awakina?"

"Zan mayar miki."

Ta ɗauki bokitin tatsa ta wuce.

Ranar Laraba ya naɗe bindigar a bargo, ya sa takardar izini a aljihu, ya hau bayan a-kori-kurar da ke kai madara gari. Kantin Kotze yana daura da gidan mai; harsashi, igiya, maganin kaska, takalmin gona, duk a nan ake samu. Kotze farar fata ne, gajere mai tumbi, ya san Gotlieb tun zamanin da yake bin gonakin tumaki yana harbe musu dila. Oom yake ce masa, wato kawu.

"A'a, Oom Gotlieb! Yau kai ne a gari? Me tsohuwar bindigar ta yi aka kawo ta asibiti?"

"Madubin hangen nesa nake so ka ɗora mata."

Kotze ya riƙe ƙugu. "Kai? Kai da ka ce madubin bindiga na ragwaye ne waɗanda ba su iya rarrafe ba?"

"Kwamiti ke so. Ka san zamani."

Kotze ya ɗan dube shi a ido, ya daɗe kaɗan fiye da yadda ya kamata, sannan ya kau da kai. "Nawa aka ba ka?"

"Dala dubu ɗaya da ɗari tara."

"Kash. To ka cire ɗari shida na ƙarfen da zai riƙe shi a kan bindigar. Abin da ya rage ba ya sayen abin kirki, Oom, gara in faɗa maka tun yanzu."

Ya sunkuya ya fito da guda biyu ya ajiye a kan kanta. Ɗaya gajere, baƙinsa ya koɗe, duk jikinsa ƙarzuna. Ɗayan kuwa a cikin kwali mai hoton zaki, dogo kamar damtsen mutum, bakinsa fankacece, ga maɓallai ta ko'ina, yana ta walƙiya kamar takalmin ango.

Kotze ya ɗora yatsa a kan gajeren. "Wannan ya girmi 'yata ta fari. Mai shi ya mutu, matar ta kawo. Sau huɗu yake jawo abu, ba ƙari ba ragi. Amma ko daga bayan mota ya faɗo, ka ɗauka ka kaɗe, inda ka saita shi nan za ka same shi. Dubu biyu da ɗari biyu."

"Wancan fa?"

"Wancan na samari ne masu harbin gwangwani da ƙaramar bindiga bayan an taso coci. Daga sau shida zuwa sau ashirin da huɗu. Dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma rabin kuɗin na kwalin ne. Tsohuwar nan taka tana shuri kamar alfadari, harbi biyar za ta kaɗa masa hanji. Ka ji shawarata, Oom. Koma gida ka sayar da akuya ɗaya, ka dawo Juma'a, zan ɓoye maka tsohon."

"Bari dai in leƙa."

Ya ɗauki tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗora a ido. Allon gidan mai da ke tsallaken titi ya ɗan matso, jan da ke jikinsa ya ɗan yi kaifi. Shi ke nan. Ya ajiye ya ɗauki dogon. Kotze ya nuna masa zoben da ake murzawa, ya murza, ya ƙara murzawa, har ya kai ƙarshe.

Sai ga baƙaƙe. Manya-manya, suna rawa, amma baƙaƙe ne, kuma ya karanta su. Kuɗin litar man dizal. Ya sake karantawa. Shekara uku rabonsa da karanta ko da harafi ɗaya. A coci buɗe littafin waƙa kawai yake yi yana rerawa da ka, wani lokaci ma bai san ko shafin ne ba. Ya sauke madubin kaɗan, ya ga mai zuba man, ya ga maɓallin rigarsa ɗaya ya tsinke an ɗinke da jan zare. Jan zare! Tsoho ɗan shekara sittin da uku ya tsaya a ƙofar kanti yana neman yin kuka a kan kuɗin dizal.

Daga nan kuma ai magana ta ƙare. Da Kotze zai ba shi tsohon kyauta, da ƙyar in zai karɓa.

"Wannan nake so."

"Oom…"

"Kuɗina ne ko naka?"

Kotze ya yi ajiyar zuciya ya ɗauko sukundireba. Irin wannan tsohuwar bindigar soja ba a yi ta don madubi ba. Kafin ƙarfen ya zauna sai an kwance saitin baya, wannan ɗan ƙarfe mai huji da Gotlieb ya yi shekara ashirin da biyu yana leƙawa ta cikinsa. Kotze ya kwance shi ya naɗe a takarda ya miƙa masa.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. In kana tafiya a daji, bar shi a kan shida. Kullum a kan shida. Sai dabba tana nesa, tana tsaye, kai kuma kana kwance, sannan ka ƙara. In ka gama ka mayar. Ka ji ni?"

"Ina harbi tun kafin ka yi haƙori, Kotze."

"Na sani, Oom. Amma ba da wannan ba."

Washegari ya tafi busasshen rafi da harsashi uku nasa na kansa, ya kafa murfin bokiti a taku ɗari. Na farko ya tafi sama, na biyu ya ci gefe, na uku ya huda tsakiya. Ya zauna a kan yashi yana murmushi shi kaɗai. Bai ƙara ba, don ba shi da na ƙarawa.

Da Lasarus ya ga bindigar, sai da ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Kai, Swaer! Wannan bututun murhun wa ka ciro? Da wannan ai har Lüderitz za ka riƙa hango ni. In ka ga ina cin kifi ka ɗaga mini hannu."

"Yi dariyarka. Daga yau ba na bukatar mai hura mini warin taba a kunne."

Ya faɗe ta da wasa, amma ba ta fita da wasa ba. Lasarus ya ce, "To madalla. Kunnen naka ma ba ƙamshi yake ba."

Ranar Litinin suka ɗaura wa jakai biyu amalanke suka fita da sassafe, sanyi na cizon yatsu. Tafiyar awa biyu a kan duwatsu, amalanke na tsalle, bindiga na tsalle a cikin bargo, ba wanda ya kawo komai a ransa. Suka ɗaure jakan a gindin tudu suka hau da ƙafa. Daga sama Lasarus ya hango garken mariri guda bakwai a fili, suna kiwo a hankali, ƙahoninsu miƙaƙƙu kamar masu.

"Mu bi ta kwarin nan," in ji shi a hankali. "Iska na fuskarmu. Kafin rana ta yi zafi mun kai taku saba'in."

Gotlieb ya riga ya kwanta, ya ɗora bindigar a kan hularsa a bisa dutse. Ya sa ido. Wayyo, ga su nan kamar ya miƙa hannu ya shafa! Ga baƙi da farin da ke fuskarsu, ga jela na kaɗawa, ga ƙuda a gefen ido.

"Na biyu daga dama namiji ne," ya ce. Shekara uku ke nan bai riga Lasarus faɗin wannan ba.

"Namiji ne. Tashi mu tafi."

"Daga nan zan harba."

"Daga ina? Swaer, ya fi taku ɗari uku. Ga iska tana yanko kwarin. Tun da uwarka ta haife ka ba ka taɓa harbi daga nan ba."

"Ina ganin gashin kafaɗarsa ɗaya-ɗaya."

"Kai ke gani. Harsashin ba ya gani, shi da ƙafa zai je."

Gotlieb ya danna kunama.

Duk wanda ya yi farauta ya san ƙarar harsashi in ya sami kafaɗa: tas, kamar an karya busasshen ice. Wannan ba ita ba ce. Wannan ta dawo musu a makare, dum, kamar an doki buhun da ya jiƙe. Maririn ya gantsare, ya dunƙule bayansa, garken ya watse, shi kuma ya bi gefe guda da ɗan gudu mai nauyi ya gangara wajen busasshen rafi.

"Ciki ne," in ji Lasarus.

Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Ko iska ce ta ɗauke harsashin, ko nisa ne, ko tsallen amalanke ne ya gusar da saitin abin banzan nan mai hoton zaki, Gotlieb bai sani ba, kuma har gobe ba wanda zai sani.

A wajenmu ba a barin dabbar da aka raunata. Wanda ya harba shi zai bi, ko kwana uku za a yi, kuma ba ya taka ƙofar gidansa sai ya gama abin da ya fara. Yadda ake bin ma a tsare yake: mai sawu a gaba, idonsa a ƙasa, mai bindiga taku biyar a bayansa, ta dama, idonsa a sama. Mai sawu ba ya ɗaga kai, don in ya ɗaga zai rasa jinin. Ransa gaba ɗaya yana hannun wanda ke bayansa.

Suka zauna Lasarus ya sha lofe ɗaya, don a ba dabbar lokaci ta kwanta jikinta ya yi tsami. Sannan suka gangara. Jinin kaɗan ne, baƙi-baƙi, haɗe da koren abin ciki mai wari. Suka bi shi a kan tsakuwa, suka bi shi a kan yashi, har rana ta take tsaka. Ya kai su inda rafin ya ƙuntata, ƙaya ta haɗe ta ko'ina.

Lasarus ya tsaya. "Yana ciki. Ka san halinsu, zai ba ƙaya baya ya ba mu ƙaho." Ya nuna madubin da haɓa. "An ce ana rage abin nan in an zo kusa. Ka rage?"

Gotlieb ya taɓa zoben. Ya gwada shida tun a gida, ya san yadda take: hazon nan dai nasa na kullum, an ɗan matso da shi. A ashirin da huɗu ne kawai yake da ido. Ya dubi duhun ƙayar, ya ji tsoron shiga cikinta da hazo. Abin da bai taɓa gwadawa ba, ko sau ɗaya, shi ne ya leƙa wani abu na kusa.

"Na rage," ya ce.

Lasarus ya gyaɗa kai, ya sunkuyar da ido, ya shiga.

Ba su yi taku talatin ba ƙaya ta fashe ta hagu. Gotlieb ya ji gurnani, ya ji tsakuwa na watsewa, ya ga wani toka-toka babba ya taso. Bindiga ta hau kafaɗarsa da kanta kamar yadda ta saba. Ya sa ido.

Ba komai. Toka. Wani abu mai kama da gashi ya cika madubin ya wuce, sai kore, sai baƙi ƙirin, sai toka kuma. Ya karkata hagu, ya karkata dama, yana neman dabba guda mai girman saniya a taku goma sha biyu, ya rasa ta. Ya ɗaga kai ya nemi saitin baya, babu shi, yana gida a naɗe cikin takarda.

"Harba! Swaer, harba!"

Harba ina? Toka-tokan biyu sun haɗe, bai san wanne ne mutum ba. Yatsansa na kan kunama, ya kasa.

Ihun da Lasarus ya yi gajere ne. Gotlieb ya ruga, ƙaya na yagar fuskarsa, har sai da bakin bindigar ya tokari haƙarƙarin dabbar, sannan ya danna. Maririn ya durƙusa, ya kife.

Ƙahon ya shiga ta cinyar Lasarus, can sama kusa da mara, ya fita. Jini na bulbulowa da bugun zuciya. Gotlieb ya cire bel ya ɗaure, ya yage rigarsa ya cusa a ramin, yana ta faɗin "Ubangiji, Ubangiji," bai san ma yana faɗa ba. Ya goya shi. Mutumin da ake yi wa dariyar rama, ranar nan nauyinsa ya kusa karya Gotlieb kafin su kai gindin tudu.

Ya shimfiɗa shi a amalanke ya kama linzami, sannan ya tuna ba ya ganin hanya. Kullum Lasarus ke tuƙi.

"Hagu," in ji murya daga bayansa, a shaƙe. "Akwai rami. Hagu na ce, ko kunnen ma ya bi idon?"

"Yi shiru ka adana ƙarfinka."

"In na yi shiru a kwazazzabo za mu kwana. Dama kaɗan. Yauwa." Ya yi numfashi. "Swaer. In sun tambaya, ka ce ni na yi gaggawa. Ka ce na shiga ban jira ka ba."

"Ban rage ba, Lasarus. Ƙarya na yi maka."

Amalanke ta yi tsalle sau biyu kafin amsa ta zo.

"Na sani. Ai ban ji ƙarar zoben ba." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Na ce a raina, Gotlieb ne, ko da ido rufe zai same shi. Miƙe sosai yanzu, hanyar ta yi kyau."

Ya ci gaba da faɗin hagu da dama, muryar na ƙara yin ƙasa. Can Gotlieb ya lura an daɗe ba a ce masa komai ba, jakan ne kawai ke bin hanyar da suka sani. Ya kira sunansa. Ya ji numfashi, bai ji amsa ba. Ya yi ta dukan jakan nan, bayin Allah da ba su yi masa laifin komai ba.

Da sauran ran Lasarus suka isa ɗakin shan magani. Nas ta duba sau ɗaya ta ce a kawo mota. Aka sa shi a bayan a-kori-kurar kwamiti a kan katifa, nas ɗin ta hau tana riƙe da ledar ruwa sama, suka ɗauki hanyar Keetmans. Aka tura wasu maza su ɗauko naman kafin dila su riga su.

Gotlieb bai tafi gida ba. Ya je ya zauna a bencin da ke ƙofar ofishin kwamiti, ɗan ɗakin kwano da ke jikin coci, bindiga a kan cinya, jini ya bushe ya ƙandare masa wando. Mutane na wucewa suna rage murya. La'asar ta yi sanyi sannan ya ji takun Magrieta Rooi, shugabar kwamiti, wadda suka yi makarantar coci aji ɗaya da ita. Ta zauna a ɗaya gefen bencin. Ta daɗe tana juya waya a hannu.

"Bai kai gari ba, Gotlieb. A gadar nan ta biyu ya cika."

Ya gyaɗa kai. Ya yi ta gyaɗawa kamar wanda aka ba saƙo yana haddacewa. Maganar da Lasarus ya ba shi ya faɗa tana nan a bakinsa, a shirye, ba wanda zai ƙaryata ta. Ya haɗiye ta.

"Magrieta, akwai abin da na ɓoye muku. Idona. Shekara uku ke nan ba na…"

"Mun sani."

Ya juyo.

"Mun sani, Gotlieb. Tun shekarar farko. Lasarus ya zo gidana da hula a hannu, ya ce idonka ya tafi, amma hannunka na nan. Ya ce mu bar maka bindigar muddin yana tafiya a gefenka, in wani abu ya faru a ɗora a kansa. Ya ce in muka karɓe ta ba za ka kai baɗi ba. Muka zauna mu bakwai muka yarda." Muryarta ta karye, ta gyara ta da fushi. "Wa kake tsammani bai sani ba? Kana wuce mutane a hanya ba ka gaishe su, su bi ka da gaisuwa suna faɗin sunansu. Fasto ya daina kiranka karatu. Duk garin nan lallaɓa ka ake yi kamar ƙwai, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

"Rebekka fa?"

"Haba, Gotlieb. Matar da kuke kwana ɗaki ɗaya? Yaushe rabon da ta ajiye maka shayi a kan tebur? A hannu take sa maka, ta juya maka mariƙin wajen yatsunka, don kada ka yi lalube a gaban mutane. Shekara uku. Ba ka taɓa lura ba?"

Bai taɓa lura ba. Ya zauna yana jin kunya irin wadda bai san akwai ta ba, ta fi baƙin cikin ma zafi, kuma ya ji kunyar hakan shi ma. Awaki biyu, har da mai ciki, don ya rufe ƙofar da kowa ke tsaye a cikinta.

Ya zare harsasan da suka rage ya jera a kan benci. Ya ɗaga bindigar da hannu biyu ya miƙa. Magrieta ba ta ce a'a ba, ba ta ce ya bari sai an yi jana'iza ba. Ta karɓa ta jingine ta a bango.

"Saitin bayan yana gida," ya ce. "Zan aiko da shi."

"Je ka wajen matarka. An riga an faɗa mata."

Ya bi hanyar gida yana ƙirga taku kamar yadda ya saba a ɓoye, yau kuma ya san ana kallonsa yana yi. Mata sun fara taruwa a tsakar gida. Da ya shigo suka buɗa masa hanya. Ya shiga ɗakin girki ya zauna a kujerarsa.

Rebekka na tsaye a gaban murhu, ta ba shi baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ya ji ta zuba ruwa a buta, ya ji ta zuba madarar akuya, ya ji cokali na kewaya kofi. Ta juyo ta nufo shi. Ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa.

Kofin ya yi ƙara a kan tebur. Ta fita wajen matan.

Gotlieb ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙa hannu a hankali, yana shafa katakon tebur da yatsu, yana neman inda yake.